Zuciyar da Ba Ta Bugawa, da Yadda Muke Auna Masani

Asubar da ƙanwata ta rasu, Inna ce ta tabbatar mana, tun ba a samo motar da za ta kai ta asibiti ba. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ta ɗan jira, ta mayar da su gefen wuyanta, ta sake jira, sannan ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani a ɗakin. Tun kakanni haka aka san abin: muddin jijiya na harbawa akwai rai, idan ta tsaya sai a shiga shirin sutura. Shekarun ƙanwar tawa 26, jaririyar da ta bari kuwa wata huɗu da 'yan kwanaki.

Ciwon ya faro ne bayan an yi arba'in. Ƙafafu suka kumbura, muka ce na jego ne, zai sauka. Tari ya zo mata cikin dare, aka sayo maganin tari a kemis. Sai da ta kai ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana ta jingina da matasai uku, sannan hankalinmu ya tashi. Idan na tambaye ta inda yake mata ciwo takan ce, “Yaya, ba ciwo ba ne, iskar ce ba ta isa ta.” Da aka ɗauki hoton zuciyarta, wani matashin likita ya zana mini ita a bayan takardar magani, ya ce ɗakin hagu ya buɗe ya saki, kamar robar da aka yi ta ja har ta gaji. Ya rubuta maganin sa fitsari da na ƙarfafa zuciya. A baranda na tare shi na ce ko babu wani abin da za a iya yi bayan wannan. Ya yi shiru kaɗan, ya ce: “Malam, akwai wani famfo da ake sa wa irin wannan zuciya a ƙasashen waje, ta huta har ta farfaɗo ko a samu ta dashe. Amma wannan ba zancenmu ba ne a nan.”

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, har na wayi gari ina bin diddigin wannan famfo da mutanen da suka yi shi.

Sana'ar ƙirga ambato

Ni ba likita ba ne. Ma'aikacin ɗakin karatu ne a wata jami'a, kuma wani ɓangare na aikina shi ne shirya wa kwamitin ƙarin girma rahoto kan rubuce-rubucen malamai. Idan malami na neman zama farfesa, ni ne nake shiga Scopus da Google Scholar in ƙirgo maƙalolinsa, da darajar mujallun da suka buga su, da yawan lokutan da wasu masana suka ambace su a nasu rubutun. Wannan ƙirga ta samo asali ne daga Eugene Garfield, wanda ya fara fitar da kundin ambaton maƙalolin kimiyya a 1964. A 2005 kuma wani masanin fizika a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya dunƙule lissafin cikin lamba ɗaya da ake kira lambar h. Idan aka ce lambar h ta malami 20 ce, yana da maƙaloli 20 ke nan waɗanda aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 20. Kwamiti na son wannan lamba domin ba ta da ɗan'uwa, ba ta da ɗan garinsu, kuma ta rage mana rigingimu da yawa.

Da wannan ido na ƙirga na fara duba sunan O. H. Frazier, likitan tiyata na Cibiyar Zuciya ta Teksas da ke Houston, wanda abokan aikinsa ke kira Bud. Sunansa ne ya yi ta fito mini duk inda na bi ta kan tarihin famfon nan. Maƙalolinsa ɗaruruwa ne, ambatonsu dubbai. A ma'aunin da nake aiki da shi, magana ta ƙare ke nan, sai a sa hannu. Amma da na zauna na karanta maƙalolin da kansu, abin da ba kasafai aikina ke ba ni lokacinsa ba, sai na ga mafi girman abin da mutumin ya yi ba ya cikin lambar. Domin a fahimci haka, sai an fara da zuciyar kanta.

Injin da ya kwaikwayi zuciya

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama na tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma na karɓarsa ya harba shi cikin babbar jijiya zuwa dukkan jiki. Kimanin lita 5 take turawa a minti ɗaya idan mutum na hutawa, kuma tana bugawa kusan sau 100,000 a rana. Abin da likitoci ke kira gazawar zuciya shi ne ta kasa tura jinin da jiki ke bukata. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, numfashi ya yi wuya, ƙoda da hanta su fara galabaita. An ƙiyasta mutane kimanin miliyan 64 ne ke fama da ita a duniya. Magunguna na riƙe mafi yawansu shekaru, amma akwai matakin da magani ke gazawa. A nan sai dashe, wanda Christiaan Barnard ya fara yi a Cape Town a Disambar 1967. Matsalar dashe kuwa ita ce sai wani ya mutu kafin wani ya samu, kuma zukatan da ake samu ba su taɓa kusantar yawan masu jira ba.

Saboda haka tun shekarun 1960 aka shiga neman inji. A 1966 Michael DeBakey ya riƙe wata mata 'yar shekara 37 da famfon agaji na kwana 10 bayan tiyata, har zuciyarta ta farfaɗo ta koma gida. A Afrilun 1969 Denton Cooley ya cire zuciyar wani mutum gaba ɗaya ya sa masa ta roba, wadda ta riƙe shi sa'o'i 64 kafin a yi masa dashe. A Disambar 1982, a jihar Utah, aka sa wa wani likitan haƙori, Barney Clark, zuciyar Jarvik-7. Ya yi kwana 112 a ɗaure da wani ƙaton injin iska, cikin wahalar da ta sa mutane da yawa suka yanke ƙauna da lamarin baki ɗaya.

Duk waɗannan injuna abu ɗaya suke yi, wato kwaikwayon zuciya: jaka ta cika da jini, a matse ta, ta sake cika. Hankali ma haka zai ba mutum. Amma abin da ke lanƙwashewa ya miƙe fiye da sau miliyan 35 a shekara dole ya gaji. Tsokar zuciya na gyara kanta tana cikin aiki, roba da ƙarfe kuwa ba su iyawa. Ga kuma girma: famfo mai bugawa na bukatar wurin tara jini, don haka ba ya shiga ƙirjin yawancin mata da masu ƙaramin jiki.

Frazier ya shigo wannan fage ne ta wata ƙofa da ya sha ba da labarinta. An haife shi a 1940 a wani ƙaramin gari mai suna Stephenville a Teksas, ya fara karanta tarihi kafin ya koma likitanci a Baylor, ƙarƙashin DeBakey. Yana ɗalibi aka yi wa wani saurayi ɗan Italiya tiyatar zuciya, daga baya zuciyar ta tsaya, aka buɗe ƙirjin aka sa Frazier ya riƙa matsa ta da hannunsa. Muddin yana matsawa saurayin na raye, har ya buɗe ido ya dube shi. Zuciyar ba ta tashi ba, aka umarce shi ya daina, saurayin ya cika. Abin da ya ɗauka daga wannan dare shi ne idan hannu zai iya riƙe rai, ya kamata a iya ƙera abin da zai yi aikin hannun. Bayan ya dawo daga aikin likitan soja a Biyetnam ya duƙufa a kan haka. A 1986 ya fara sa wa mutum famfon HeartMate mai aiki da iska, a 1991 kuma ya sa mai aiki da batir, wanda ya ba marar lafiya damar tashi ya yi yawo.

Abin da aka gani a Masar

Canjin da ya juya fagen daga wurin ban-ruwa ya fito. A 1976 wani likita mai basirar injiniya, Richard Wampler, ya je Masar, ya ga yadda ake ɗaga ruwa da tsohuwar dabarar nan da ake danganta wa Arkimidis: murɗaɗɗen sanda mai juyawa cikin bututu, ruwa na hawa ba tsayawa. Ya dawo ya ƙera irinsa ɗan mitsitsi, bai wuce kan fensir ba, wanda za a zura ta jijiyar cinya har cikin zuciya, yana juyawa kimanin sau 25,000 a minti. Ya kira shi Hemopump.

Masana suka kawo suka biyu, kuma duka biyun na hankali ne. Na farko, abu mai wannan gudu zai markaɗe ƙwayoyin jini kamar injin niƙa. Na biyu, gaɓoɓin jiki a kan bugu aka halicce su, ƙoda da ƙwaƙwalwa ba za su jure jini mai kwarara bai ɗaya ba. Frazier ya ce a gwada a gani. Hujjarsa ita ce kafin jini ya kai ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsoka, bugun ya riga ya lafa, kusan kwarara kawai yake yi. Ya gwada a jikin maruƙa, jinin bai lalace yadda aka zata ba. A Afrilun 1988 ya sa wa wani dattijo da jikinsa ke ƙin zuciyar da aka dasa masa. Famfon ya riƙe shi kimanin kwana biyu, zuciyar ta dawo, mutumin ya bar asibiti da ƙafafunsa.

Hemopump bai yi kasuwa ba, amma ya karya wata aƙida da ta daɗe. Daga nan aka shiga ƙera famfuna masu juyawa na dogon zango. A 2000 Frazier ya sa Jarvik 2000, a Nuwamban 2003 kuma ya sa HeartMate II na farko a gwajin Amurka. Girmansa bai wuce na babban batirin tocila ba, kuma abu ɗaya ne kacal ke motsi a cikinsa. Ana ɗinka bakinsa a ƙasan ɗakin hagu, ya zuƙo jini ya zuba a babbar jijiya, waya kuma ta fito ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa da batura biyu da marar lafiya ke ratayawa. Likitoci na taƙaita sunan irin wannan famfo da LVAD. Zuciyar mutum na nan tana ɗan bugawa, amma da yake famfon ne ke ɗauke da nauyin, da yawa daga masu shi ba a jin harbin jijiyarsu da yatsa. Tsohon mataimakin shugaban Amurka, Dick Cheney, ya rayu da shi daga Yulin 2010 har aka yi masa dashe a Maris na 2012.

A Maris na 2011 Frazier da abokin aikinsa Billy Cohn suka kai tunanin ƙarshensa. Suka cire zuciyar wani mutum mai shekara 55 da wata cuta ta lalata, suka maye gurbinta da famfuna biyu masu juyawa. Ya farka, ya yi magana da iyalinsa, ya rayu kimanin mako biyar kafin cutar ta cinye sauran gaɓoɓinsa. Wanda ya kara kunne a ƙirjinsa sai dai ya ji wani ɗan gunji mai ɗorewa. Ranar da na karanta wannan na daɗe zaune ina tuna yatsun Inna. Da ita ce a gefen gadon wannan mutum, da ta ja masa mayafi alhali yana kallonta.

Lokacin da hujja ta zo

Likita ɗaya, komai ƙwarewarsa, labarin marasa lafiyarsa kawai zai iya bayarwa. Abin da ke canza aikin asibitoci shi ne gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a kwatanta. A Nuwamban 2001 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin REMATCH, wanda Eric Rose na Jami'ar Columbia ya jagoranta, Frazier na cikin marubutansa. Mutum 129 ne da ba su cancanci dashe ba. Bayan shekara ɗaya, kashi 52 cikin 100 na masu famfo na raye, a kan kashi 25 na masu magani kaɗai. Bayan shekara biyu ya koma 23 da 8. Mai karatu zai lura cewa nasara ce mai ɗaci, domin fiye da kashi uku cikin huɗu na masu famfon ma sun rasu kafin shekara biyu, wasunsu saboda injin ya gaji, wasu saboda ƙwayoyin cuta. Famfon gwajin mai bugawa ne.

A 2009 aka kwatanta mai bugawa da mai juyawa kai tsaye a kan mutum 200. Bayan shekara biyu kashi 58 na masu famfo mai juyawa na raye, a kan 24. Cikin 'yan shekaru famfo mai bugawa ya kusan ɓacewa daga ƙirjin manya. Daga baya aka zo da HeartMate 3, wanda farfelarsa ke shawagi cikin maganaɗisu ba ta gogar komai. A gwajin MOMENTUM 3 da Mandeep Mehra ya jagoranta a kan mutum 1,028, kimanin kashi 58 na masu sabon famfon sun kai shekara biyar, a kan kusan kashi 44 na masu tsohon. A Yulin 2024 kuma, a Houston ɗin dai, aka sa wa mutum na farko cikakkiyar zuciyar BiVACOR ta ƙarfen titaniyom, ƙirar injiniyan Ostareliya Daniel Timms, wadda ita ma farfela ɗaya ce mai juyawa.

A nan ne ma'aunina ya fara ba ni kunya. Matashin likitan da ya rubuta maƙala yau a kan HeartMate 3 zai ambaci MOMENTUM 3, wataƙila da REMATCH. Ba ya jin bukatar kafa hujja cewa mutum na iya rayuwa da jini mai kwarara bai ɗaya, domin abin ya zama sananne kamar zagayawar jinin kanta. Masanin halayyar al'umma Robert Merton ya daɗe da bayyana wannan: ra'ayi kan yi nasara har ya narke cikin ilimin kowa, sunan mai shi ya shafe. Ke nan akwai matakin tasirin da idan aiki ya kai shi, ambatonsa raguwa yake yi. Haka kuma lambar ba ta iya raba rabo. Wampler ne ya ƙera, injiniyoyi irin su Victor Poirier da Robert Jarvik suka shafe rayuwarsu a kan ƙarfe da roba, Rose da Mehra suka kawo hujjar ƙididdiga, marasa lafiya kuma suka ba da ƙirazansu alhali ba su san ko za su farka ba. Rabon Frazier, a fahimtata, shi ne naci: shekaru kusan arba'in yana tsaye tsakanin ɗakin gwajin maruƙa da ɗakin tiyata, yana ɗauko abin da ake ganin hauka ne yana kai shi gadon marar lafiya.

Akwai kuma abin da lambar ke ɓoyewa ta ɗaya gefen. Famfon na da farashinsa a jiki. Dole a sha maganin tsinka jini har abada, jini kan daskare a cikinsa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, hanji kan zubar da jini saboda gudun farfelar na karya wani sinadarin daskarar da jini, wurin fitar wayar kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A Yunin 2021 kamfanin Medtronic ya janye famfonsa na HVAD daga kasuwa saboda irin waɗannan matsaloli. Shi kansa Frazier bai tsira daga tuhuma ba. A 2018 ProPublica da jaridar Houston Chronicle suka wallafa binciken da ya zarge shi da sa wa wasu marasa lafiya famfunan gwaji alhali ba su cika sharuɗɗan gwajin ba, da rashin bayyana alaƙar kuɗi da kamfanoni a wasu maƙaloli. Ya musanta, ya ce shi marasa lafiyar da kowa ya sallama yake karɓa, ya kuma kai ƙara kotu. Ba ni da matsayin yanke hukunci tsakaninsu. Abin da ya shafi sana'ata shi ne lambar h ba ta motsa ko kaɗan saboda wannan, domin wanda ya ambace ka don yabo da wanda ya ambace ka don suka, duk ɗaya take ƙirga su.

Maƙalar da ta fi taɓa ni

A cikin duk abin da na karanta, wata gajeriyar maƙala ta 1994 ce ta hana ni barci. Labarin wani mutum ne mai shekara 33 da famfon batir ya riƙe kwana 505. Ya rasu sanadin matsalar ƙwaƙwalwa, amma Frazier ya lura da wani abu: zuciyar tasa, wadda aka ɗauka ta mutu murus, ta ragu, ta kuma ƙara ƙarfi. A 1996 ya buga wata maƙalar da ta nuna haka a kan wasu marasa lafiya. Zuciyar da aka sauke wa kaya kan iya warkewa. Daga nan aka fara maganar sa famfo a matsayin gada zuwa farfaɗowa, a cire shi idan zuciya ta dawo. Ba kowa ke samun haka ba, kaɗan ne ma. Amma cikin waɗanda suka fi dacewa akwai matasa masu sabon ciwo, kuma a cikinsu akwai mata masu gazawar zuciya ta bayan haihuwa.

Wannan ciwo kuwa, mu ne muka fi kowa saninsa. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224 masu shi a Zariya, rahotonsu na 1978 ya zama abin ambato a duk duniya. Sun danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Bincike a Sakkwato daga baya ya samu kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa gani a ko'ina. A Yamai an gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu ciwon. Rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, ta nuna cewa talauci da rama da rashin karatu da hawan jinin ciki sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon. Ta kuma nuna kusan 1 cikin 5 na matan da aka bi sun rasu cikin kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma waɗanda suka dage da shan maganin rage gudun zuciya sun fi tsira.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban rubuta wannan don in ce da ƙanwata na Houston da tana raye ba. Amma an umarce mu da neman magani, kuma abin da ya tsaya mini shi ne ilimin da zai iya saya wa zuciyarta lokaci yana nan a rubuce tun tana 'yar firamare. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Famfon na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa domin cajin batir, da gwajin jini a kai a kai, da tawagar likitoci da za a kira da tsakar dare, da kuɗin da ya fi ƙarfin kusan kowane gida da na sani. Idan aka zana taswirar inda ake ambaton maƙalolin Frazier, aka zana ta inda mata ke mutuwa da kumburin zuciya bayan haihuwa, da ƙyar za su haɗu.

Da na ƙara tunani kuma sai na ga famfon ma ba shi ne farkon abin da ya kuɓuce mana ba. Makonni shida muka yi muna kiran ciwon kumburin jego. Da akwai wanda ya gaya wa ungozoma, ko mai kemis, ko Inna, ko ni da nake taƙama da digiri biyu, cewa mai jegon da ba ta iya kwanciya sai a zaune zuciyarta ce ke neman agaji, da an fara magani tun tsokar ba ta gama saki ba. Wannan ilimi ba ya bukatar titaniyom. Irinsa ne Parry ya fara tattarawa a Zariya, irinsa ne ake ci gaba da tattarawa a Kano, kuma maƙalar da za ta sauke shi zuwa asibitin karkara da wuya ta tara ambaton da zai burge kwamiti irin namu.

Ban daina ƙirga ba, domin na ga abin da ke faruwa idan babu ma'auni: son kai da sanayya ne ke cike gurbin. Abin da na yi ƙarami ne. A ƙasan kowane rahoto yanzu ina ƙara sakin layi ɗaya, bayan lambobin, inda nake rubuta abin da na iya ganowa game da inda aikin malamin ya isa: ko ya shiga wata ƙa'idar aiki, ko ana koyar da shi, ko wani asibiti ko gona ko kotu ta canza wani abu saboda shi. Sau da yawa ba na samun abin rubutawa. Wani lokaci kuma nakan samu a fayil ɗin da lambarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wani babban farfesa ya taɓa ce mini a wurin zama, “Malam, wannan ai ba ya cikin ƙa'ida.” Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe, don haka na sa shi a ƙasa.” Bai sa a cire ba.

Yarinyar da ƙanwata ta bari a hannunmu take, shekararta 12. Kwanan baya aka koya musu zagayawar jini a makaranta, ta dawo ta kama wuyan hannuna tana ƙirgawa da agogon wayata, ta ce 76, lafiyata ƙalau. Na ce mata akwai mutanen da ke yawo a kasuwa, suna tuƙa mota, idan ta kama hannunsu ba za ta ji komai ba. Ta ce, “Kawu, wasa kake yi.” Na ɗauko takarda na zana mata ɗakin hagu da ɗan bututun da ke manne a ƙasansa, kusan irin zanen da likitan nan ya yi mini a bayan takardar magani. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ko ana sa shi a nan garin. Na ce tukuna. Ta ninke takardar ta sa a littafinta na kimiyya.